Majalisar Kanada ɗin da kuka yaba, ga yadda muke ganinta daga ciki

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, a gaishe min da sauran abokan aiki.

Na saurari shirinku na tattaunawa kan majalisun dokoki inda wani baƙonku ya kawo Kanada a matsayin misali, wai can ne ake muhawara ta ilimi, kowa na magana da hujja, ba zagi ba hayaniya. Toh ranka ya daɗe hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ni a Edmonton nake zaune, lardin Alberta, ina biyan haraji anan kuma ina kallon zaman majalisar nan ta Ottawa a waya in na samu sarari, shi yasa nace bari in ɗan tofa nawa.

Akwai wani lokaci da suke warewa kullum na minti 45 domin yi wa gwamnati tambayoyi, kowa daƙiƙa 35 ake bashi ya tambaya, minista ma 35 ya amsa. Don Allah wace magana ta tsaro ko ta lafiya ce zata fita a daƙiƙa 35? Abun da suke yi kawai shine kowa ya haddato jimlarsa mai zafi daga ofis, ya miƙe ya faɗa, 'yan jam'iyyarsa su tashi su tafa, kafin yamma an yanko bidiyon an saka a Facebook ana neman gudummawar kuɗi da shi. A watan Afrilun 2024 shugaban 'yan adawa na Conservative, Pierre Poilievre, ya kira Firaminista Justin Trudeau taɓaɓɓe a zauren, kakakin majalisa Greg Fergus yace ya janye ya ƙi, aka fitar da shi na ranar, mutanensa suka bi bayansa duu. Wannan shine labarin da ya cika ko'ina ranar, ba wanda ya tuna ma akan me ake magana.

Amma zagin ba shine ya dameni ba, zagi dai ko'ina anayi. Abun da ya dameni shine manyan abubuwan da suka shafi rayuwar mutane ba a zauren ake yanke su ba, su dai sanda ce da kowa ke ɗauka ya maka wa ɗan uwansa.

Ɗauki harajin hayaƙi, wanda aka ɗora akan fetur da iskar gas don rage gurɓata yanayi. An fara shi 2019 akan dalar Kanada 20 duk tan ɗaya na hayaƙi, zuwa Afrilun 2024 ya kai dala 80, wajen santi 17 kenan akan kowace litar fetur. A lokacin kuma gwamnati tana maido wa mutane kuɗi duk wata uku, a 2024 anan Alberta iyali mai mutum huɗu dala 450 suke samu. Wallahi akwai 'yan uwa da muke zama dasu bayan sallar Juma'a da suka daɗe suna ganin kuɗin nan na shigowa asusunsu basu san na menene ba, amma kowa ya san farashin da ke rubuce a gidan mai, don haka da Poilievre ya fito da takensa na a sare harajin nan take ya shiga kunnen mutane. Shekaru akai ana wannan a majalisa, ɓangare ɗaya yace ku kuke kashe talaka da tsadar abinci, ɗayan yace ku baku yarda da sauyin yanayi ba, alhali a 2023 wutar daji ta cinye wajen hekta miliyan 15 a ƙasar nan, mu nan hayaƙi ya rufe gari har rana ta koma ja, yara basa fita waje, sannan a Yulin 2024 wuta ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na garin Jasper. Su 'yan Liberal ɗin ma, jam'iyyar Trudeau mai mulki, da suke ta wa'azin yanayi, a Oktoban 2023 suka ɗage harajin daga kan man ɗumama gida na shekara uku, kowa kuma ya san mutanen gabar Atlantika ne suka fi amfani da shi, inda suke da kujeru. Da mutanen yankinmu suka ce mu fa, sai wata minista tace ai sai ku ƙara zaɓo 'yan Liberal. Daga ranar hujjarsu ta mutu a wajena. Ƙarshen zancen fa? Mark Carney na Liberal da ya gaji Trudeau ya hau kujerar firaminista ranar 14 ga Maris 2025, a ranar ya sa hannu, daga 1 ga Afrilu harajin da ke kan talaka ya koma sifili. Majalisa a rufe take lokacin, ko ƙuri'a ɗaya ba'a kaɗa ba.

Maganar rufewar ma abun dubawa ce. Daga ƙarshen Satumban 2024 majalisar ta tsaya cak saboda rigimar wasu takardu na wata hukumar tallafa wa fasahar kare muhalli da babbar mai binciken kuɗi ta gano an yi son kai wajen rabon kuɗinta. 'Yan Conservative suka ce sai an miƙa takardun duka don 'yan sanda su gani, gwamnati ta bada wasu ta rufe wasu, sai 'yan adawa suka dinga miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna surutu akan ƙudurin da su da kansu suka kawo don kar akai ga ƙuri'a, haka aka tafi har Disamba, in ka cire hutun harajin saye na wata biyu da kuɗin gudanar da gwamnati kusan ba abun da ya wuce. Ana cikin haka Trump yace zai ɗora harajin kashi 25 akan kayan Kanada, ƙasar da kusan kashi uku cikin huɗu na abun da take fitarwa Amurka yake zuwa. Ministar kuɗi Chrystia Freeland ta ajiye aiki 16 ga Disamba, Trudeau ya sanar zai sauka 6 ga Janairu ya kuma dakatar da majalisa, daga nan aka shiga zaɓe, basu sake zama ba sai ƙarshen Mayu. Sama da wata biyar kenan, a daidai lokacin da masu aikin ƙarfe da haɗa motoci a Ontario basu san ko zasu wayi gari da aiki ba.

Tsaro kuwa abun har dariya yake bani. A Yunin 2024 kwamitin 'yan majalisa mai duba harkokin leƙen asiri ya fitar da rahoto cewa akwai 'yan majalisar da suka taimaka wa ƙasashen waje, wasu da saninsu. Magana babba. Poilievre ya ƙi karɓar izinin tsaro da zai bashi damar karanta cikakken rahoton, yace in ya karanta an ɗaure masa baki, ya dinga cewa a faɗi sunaye, Trudeau kuma ya dinga cewa je ka karanta mana. Wata da watanni akan wannan. Sai Janairun 2025 mai shari'a Marie-Josée Hogue ta kammala bincikenta tace bata ga shaidar maciya amana a majalisa ba, ta nuna labaran ƙarya sune babbar barazana. Wa ya tsaya ya tattauna wannan? Kowa ya tafi kamfe.

Lafiya ita ce tafi ci min rai don ita muke taɓawa da hannu. Mutum wajen miliyan 6 a ƙasar nan basu da likitan iyali. Na taɓa kai yarinyata imajansi da zazzaɓi cikin dare, muka zauna kan kujerun roba har gari ya fara wayewa, gefena wani dattijo riƙe da ƙirji shima yana jira, nas ɗin kuma ba laifinta bane ita kaɗai ke ta zirga-zirga. A Ottawa in aka taso da zancen sai gwamnati tace ai lafiya aikin larduna ne mun basu kuɗi, larduna suce bai isa ba. Ɗan abun da aka samu, shirin kula da lafiyar haƙori da dokar magani ta Oktoban 2024 mai ɗauke da maganin suga da na tsarin iyali, ba muhawara ce ta kawo su ba, ciniki ne akai a 2022 tsakanin Liberal da jam'iyyar NDP ta Jagmeet Singh, ku riƙe mana gwamnati mu baku wannan. Shi ma Singh ɗin a zaɓen 28 ga Afrilun 2025 ya rasa kujerarsa, jam'iyyarsa ta dawo kujera 7, Poilievre ma ya faɗi a mazaɓarsa sai da wani ya sauka ya bar masa tasa anan Alberta.

Kuma fa in sun ga dama suna iya aiki, kar ace na kushe su gaba ɗaya. Da Trump ya matsa, a Yunin 2025 cikin 'yan makonni aka wuce da dokar sauƙaƙa ciniki tsakanin larduna da hanzarta manyan ayyuka, da ƙuri'un Conservative a ciki, abun da aka shekara da shekaru ana cewa yana da wuya. Sai dai ita ma an yi gaggawar da shugabannin 'yan asalin ƙasar suka ce ba'a saurare su yadda ya kamata ba, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Roƙona Malam Edita, in zaku sake kawo majalisar wata ƙasa a shiri, ku nemo wanda ke bin ƙuri'un da aka kaɗa da zaman kwamitoci da kwanakin da aka yi a rufe, ya faɗa wa masu sauraro wace doka ta wuce, wa ya goyi baya, nawa zata ci. Akwai Hausawa anan Edmonton da Calgary da Toronto, dalibai da likitoci da direbobi, da zasu yi muku wannan bayanin in kuka buɗe layi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Edmonton, Kanada