Sanarwa ga masu haɗa wasa a waya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya ta yawaita a rukuni kan injin (manhajar haɗa wasanni) da za a iya haɗa wasa da shi ba tare da kwamfuta ba. Unity da Unreal ba su da manhajar aiki a waya, kada kowa ya ɓata data wajen nema. Godot ne muke ba da shawara: kyauta ne, yana Play Store, kuma tun daga siga ta 4.4 da ta fito a 2025 ana fitar da APK, wato fayil ɗin da ake girka wasa da shi a Android, daga cikin wayar kanta.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne zaɓin farko, wato na tsarin zana hotuna a allo. Wajen buɗe sabon aiki ku zaɓi Compatibility, domin yana amfani da OpenGL ES 3.0. Zaɓin Mobile da Vulkan yake aiki, kuma ƙananan wayoyi da yawa ba sa ɗaukarsa da kyau, sai allo ya yi baƙi ko manhajar ta rufe kanta. Ku ba Godot izinin shiga fayiloli, in ba haka ba ba zai ga ayyukanku ba.

GDScript, yaren rubuta umarni na Godot, kaɗai za ku rubuta, yaren C# ba ya aiki a nan. Kibod da linzami da aka jona wa waya ta OTG suna rage wahala ƙwarai.

Idan fitar da APK ya ƙi, ku kunna Import ETC2 ASTC a saitin aikin. Don Allah ku adana fayil ɗin keystore, wato makullin da ake sa wa APK hannu da shi, a wani wuri daban, domin in ya ɓace sabuwar sigar wasanku ba za ta hau kan tsohuwar ba.