Ɗana, ka duba iskar sama kafin ka yarda da ruwan samfuri

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Tunda aikin da ke gabanka auna samfuran yanayi na CMIP6 ne, wato tarin manhajojin kwamfuta na cibiyoyin bincike na duniya da ke kwaikwayon yanayi, a kan ruwan damina, kada ka yaba wa samfuri don jimillar ruwansa ta dace da ma'auni. Sau da yawa kurakurai biyu ne suke rufa wa juna asiri. Fara da iskar sama.

Ɗauki matsakaicin iskar Yuni zuwa Satumba na shekara 30, kamar 1985 zuwa 2014, ka gwada da bayanan ERA5, kundin yanayin da ya gabata wanda aka gina da ma'aunai na haƙiƙa. A saman Afirka ta Yamma kogunan iska biyu za ka nema, dukansu daga gabas suke kwararowa. Na ƙasa yana tsakanin hPa 600 da 700 (hPa ma'aunin matsin iska ne, adadinsa na raguwa yayin da ake hawa sama), kusa da digiri 15 arewa a watan Agusta. Na sama yana wajen hPa 200, amma a saman Indiya yakan hau zuwa 150 ko 100. Rubuta ƙarfin kowanne, da tsayinsa, da inda cibiyarsa ta tsaya. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin bayanan kullum na CMIP6 galibi matakan tsayi takwas ne, babu 600, babu 200, babu 150. Kogin na sama sai ya faɗa tsakanin 250 da 100, ka zargi samfuri da raunin da ba nasa ba. Yi aiki da bayanan wata-wata masu matakai 19.

Na nace a kan wannan ne saboda a shekarun da Sahel ke samun ruwa sosai, kogin na sama yakan yi ƙarfi, na ƙasa ya matsa arewa. A lokacin fari na shekarun 1970 da 1980 akasin haka aka gani. Samfurin da ya kasa nuna wannan alaƙa daga shekara zuwa shekara, ni ba na amincewa da hasashensa na gobe.

In ka ga ruwan ya maƙale a kudu, gwada gwajin AMIP, wanda aka ba shi zafin teku na haƙiƙa, da gwajin da samfurin ke lissafa zafin tekun da kansa. Idan kuskuren ya ragu a AMIP, ka tuhumi gabashin Atilantika, inda samfura da yawa ke ɗumama ruwan teku fiye da kima.

Ruwan saman kansa ka auna shi da kundayen ma'aunin ruwan sama na GPCP da CHIRPS duka biyu, bayan ka mayar da komai kan faɗin gida ɗaya, wato gidajen dara da ake raba taswira a kansu. Gidan samfuri yakan kai kilomita 100 zuwa 250, bai iya ganin hadari guda, sai dai ya ƙiyasta shi. Shi ya sa yake yawan yayyafi, kuma ya sauke ruwa da tsakar rana maimakon yamma ko dare. Don haka ka ƙirga kwanakin ruwa da ƙarfinsa daban da jimilla.

Idan ka gama taswirar hPa 200, turo min in gani. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka