Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Kano: A Buɗe wa Matasa Ƙofar Koyon Fim da Rediyo a Unguwanninsu

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya yi riƙo da hannunka, mu masu wannan takarda mutane ne da ke sana'ar ɗaukar hoto da sauti da tace fim, wasunmu kuma suna koyar da ita. Abin da ya kawo mu gabanka shi ne yara 'yan shekara 13 zuwa 18, waɗanda waya ta riga ta shiga hannunsu amma babu wanda ya zaunar da su ya nuna musu yadda ake aiki da ita.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya ratsa Kurna ko Dorayi ko Hotoro da yammacin Asabar zai iya cin karo da su: ɗaya ya ɗaga waya, biyu suna barkwanci, na huɗu yana korar ƙananan yara daga bayan hoto. Kafin magariba abin ya hau TikTok. Ba za su daina ba, ko an hana su. In suka yi ɓaranɓarama sai a ji Hisba ko Hukumar Tace Fina-finai ta neme su. Hukumar tana nan tun 2001, kuma aikinta take yi, sai dai tacewa tana zuwa ne bayan an gama ɗauka. Tsakanin wayar yaro da teburin hukuma babu wurin da ake koyarwa.

Ƙofofin da ke akwai ba na wannan shekaru ba ne. Cibiyar koyon fim ta ƙasa da ke Jos da sassan sadarwa da wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero duk sai wanda ya gama sakandare. Hanyar da ta rage ita ce yaro ya bi wani darakta lokeshin, ya shekara biyu yana ɗaukar jaka da sayo ruwa kafin a bar shi ya taɓa kyamara, kuma babu uban da zai sallama 'yarsa mai shekara 15 ga wannan hanya. Alhali ita kanta Kannywood daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni ta tsiro, irin su Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990. Tushen a unguwa yake.

Ba ƙauyen fim muke roƙo ba. Kowa ya tuna yadda aka yi da wanda gwamnatin tarayya ta shirya ginawa a Kofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji a 2016, malamai da iyaye suka ƙi, aka janye. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan, an dai ga cewa jama'ar Kano ba sa aminta da abin da za a kai 'ya'yansu nesa da idonsu. Abin da muke kawowa ƙarami ne: ɗaki guda a makarantar sakandare ko ɗakin karatu da gwamnati ta riga ta mallaka, a cikin unguwa, inda uwa za ta iya leƙowa da mayafinta ta ga me ake yi.

A fara da cibiyoyi shida, uku a cikin birni, uku a waje, misali Rano da Gaya da Bichi. Kada a ce sai ƙananan hukumomi 44 lokaci guda, domin babu masu koyarwa da suka kai wannan yawa, kuma abin zai koma rabon kaya. Kowace cibiya ta ɗauki yara 24, a kasa su rukuni huɗu na mutum shida: mai rubuta labari, mai ba da umarni, mai kyamara, mai sauti, mai tacewa, da mai lura da cewa hular da ɗan wasa ya sa a fitowa ta farko ita ce a kansa a ta biyu. A riƙa juya ayyukan a tsakaninsu, ta yadda babu wanda zai gama bai riƙe kowane aiki ba. In ba a juya ba, yaron da ya fi baki shi zai kankane kyamara, mai kunya kuwa ya ƙare a riƙon jaka. Mako shida na dogon hutu ya isa zagaye ɗaya, kwana uku a mako, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu da rabi, don kada a ci lokacin Islamiyya. A sa Alhamis cikin kwanakin, domin ranar ce almajiran tsangaya ke hutu, kuma a cikinsu akwai masu kunnen sauti da iya ba da labari da za su ba ka mamaki.

Batun kaya shi ne inda irin wannan shiri ya fi mutuwa, saboda haka bari mu tsaya a kansa. Kowane rukuni yana buƙatar waya guda mai kyamara mai kyau, ƙafar ɗora ta, makirufo biyu na maƙalawa a wuyan riga, abin saurare na kunne mai rufe kunne gaba ɗaya, batirin caji na tafi-da-gidanka, da farin kwali babba na mayar da hasken rana a fuska. Cibiya gaba ɗaya kuma kwamfuta biyu masu ƙwaƙwalwar aiki gigabait 16, ma'ajiyar waje guda biyu, da ƙaramin sola mai inbata da zai riƙe kwamfutocin awa huɗu. Manhajar tacewa ba sai an saya ba: DaVinci Resolve na da nau'in kyauta na hoto, Audacity kuma kyauta ce ga sauti. Muna roƙon kada a bari ɗan kwangila ya rinjayi ma'aikata a sayo manyan kyamarori. Kuɗin guda ɗaya da gilasanta zai sayi kayan rukuni da yawa, kuma saboda tsadarta shugaban makaranta zai kulle ta a kabad don tsoron kada a ce ta lalace a hannunsa. Nan za ta zauna har batirinta ya kumbura. Gara a ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin kaya don gyara da sauyi, domin igiyar makirufo ita ce ke fara tsinkewa, sai bakin caja, kuma ƙurar hunturu ba ta barin komai.

Makon farko kada a ba su kyamara ko kaɗan. Rediyo za su yi. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma da zarar ya kasa jin me ake faɗa zai wuce. A tura kowane rukuni ya yi hirar minti uku da wani mai sana'a, ko marini a karofin Ƙofar Mata, ko mai dukanci a Kasuwar Kurmi, ko kakar ɗayansu a tsakar gida. Nan za su gane cewa makirufo yana son ya zauna kamar taƙi guda daga baki, in ya yi nisa janareton maƙwabta da adaidaita sahu sun cinye maganar, in ya yi kusa numfashi ya riƙa bugunsa. Za su gane cewa mayafi ko babbar riga na goga makirufo ya yi ƙara kamar ana yaga takarda, kuma mai sautin da bai sa abin saurare a kunne ba sai ya koma kan kwamfuta zai san aikin yini ya tafi a banza. A koya musu su duba lokacin kiran salla kafin su fara, su kuma ɗauki daƙiƙa talatin na shirun wurin bayan an gama hira, wanda da shi ake cike gurbi idan an yanke magana don kada a ji tsalle.

Daga mako na biyu sai hoto. Akwai wani kuskure da kusan kowane yaro ke yi ba tare da ya sani ba. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuma firem 25 yake tafiya, wato hotuna 25 a daƙiƙa, amma yawancin wayoyi suna zuwa a saite a firem 30. Sakamakon haka in aka ɗauki hoto a ɗaki ƙarƙashin wasu ƙwayayen fitila, sai a ga haske na karkarwa ko layuka na gangarowa a fuskar mutum. Maganinsa a mayar da waya firem 25 tun kafin a fara, a kuma kulle haske da saitin idon kyamara don kada su riƙa canzawa da kansu in ɗan wasa ya motsa. A kwantar da wayar idan talabijin ake nufi, tsayuwa ta TikTok ce. Kada a ɗauki fuska tsakanin sha ɗaya da ƙarfe uku a fili, rana na saman kai, ido ya zama rami. A bazara ma wayar da kanta za ta yi zafi ta tsaya. A nemi inuwar darbejiya, a mayar da haske da farin kwalin nan.

Sai lissafin ma'aji, wanda ba a cika koya wa kowa ba. Minti ɗaya na hoto mai ingancin 1080 yana cin wajen megabait 130, na 4K kuwa ya kusa ninka haka uku, kuma kwamfutar makaranta za ta riƙa sarƙewa da shi. A tsaya a 1080. Fim na minti biyar, a hannun sabon shiga, yakan ci ɗaukar minti arba'in zuwa hamsin, wato gigabait biyar zuwa shida da rabi. Duk ranar da aka dawo daga ɗauka a kwafe shi wuri biyu kafin kowa ya tafi gida, a rubuta kwanan wata da lambar fitowa a kan kowane fayil. Kada a tura ta WhatsApp yadda aka saba, domin yana matse hoto ya rage masa inganci. A rubutu kuma shafi ɗaya kamar minti ɗaya ne a allo, saboda haka labarin farko kada ya wuce shafi biyar, 'yan wasa uku, wuri biyu. Yaro zai zo da labarin da ya ƙunshi aure da mutuwa da gadon miliyoyi. Aikin malami ne ya lallashe shi ya koma kan abin da ya sani, kamar layin ɗiban ruwa a famfon unguwarsu ko ranar da aka kori ƙanensa saboda kuɗin jarrabawa. Kuma a hana su ɗora waƙar wani a bayan fim, don YouTube na gane ta ya toshe aikin, ga haƙƙin mai ita. A kowace unguwa akwai mai kalangu ko gurmi da za a ɗauka da izininsa.

Ranka ya daɗe, sharuɗɗan kare yaran su ne za su sa iyaye su yarda ko su ƙi. Babu yaron da zai shiga sai da takardar amincewa da uba ko uwa ko malamin tsangaya ya sa wa hannu, a rubuce da Hausa, da ajami ga wanda ya fi son haka, kuma ta fayyace inda za a nuna fim ɗin. 'Yan mata su yi ajinsu daban, da mace mai koyarwa, kuma a sanar da iyaye cewa yawancin wannan sana'a a bayan kyamara take: rubutu, sauti, tacewa. Yarinyar da ta iya tace hoto za ta iya karɓar aikin bidiyon biki da tallan 'yan kasuwa tana zaune a ɗakin mahaifiyarta. Kada mai koyarwa ya keɓe da yaro shi kaɗai, kada ya riƙe lambar wayar ɗaliba, saƙo ya bi ta hannun iyaye. Kowace cibiya ta sami kwamitin mutum biyar, da mai unguwa da limami da uwa biyu da malamin makaranta, su ga kowane fim kafin ya fita. Zaɓen yara kuma ya zama ta gwaji a fili, kowa ya ba da labari na minti biyu da baki. In aka bar shi ga jerin sunaye daga ofisoshin siyasa, rabin kujerun za su zama na waɗanda alawus suka zo karɓa.

Abu na ƙarshe yana hannunka kai tsaye, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Jihar Kano tana da gidan talabijin na Abubakar Rimi (ARTV) da gidan Rediyon Kano. A ba yaran nan rabin awa a mako a kowanne, lokacin da iyali ke gida, ba tsakar dare ba. Yaron da ya san aikinsa zai fito a ARTV ranar Lahadi, kakarsa na kallo, zai sake ɗaukar fitowa sau goma ba tare da an tilasta shi ba. Hukumar Tace Fina-finai kuma ta yafe kuɗin duba fina-finan ɗalibai, ta ware jami'i guda da zai duba su cikin mako ɗaya, ya je cibiyar da kansa ya faɗa wa yaran dalilin duk abin da ya ce a cire. Masu koyarwa a nemo su daga ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da ɗaliban shekarar ƙarshe na Jami'ar Bayero, a biya su kowane wata a kan lokaci, domin cibiyar da malaminta ya bi bashin wata uku a rufe za a same ta.

Muna roƙon ka umarci Ma'aikatar Yaɗa Labarai da ta Ilimi su zauna da Hukumar Tace Fina-finai da gidajen yaɗa labaran jiha kafin dogon hutu mai zuwa, su ware ɗakuna shidan nan, su sa kuɗin a kasafi da sunansa. Bayan zagayen farko a tara fina-finai 24 na rukunonin a nuna maka su a zama ɗaya, minti biyar-biyar, awa biyu ke nan, sannan ka yanke ko a faɗaɗa.

Allah ya ƙara wa Gwamna lafiya, ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalam,
Wasu masu sana'ar ɗaukar hoto da sauti da koyar da ita a Kano