Shingen firibet a Ajah: rabi rana ta ƙona, rabi inuwa ta hana shi sakewa

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na filin noma da kiwo, Allah ya ƙara basira. Ni mutumin Katsina ne, ina aikin kula da furanni a wani gida a Ajah, nan Legas. Noman gero da dawa na gada, aikin fulawa kuwa a nan na koya wurin masu sayar da dashe na bakin titi.

Damuwata shingen firibet ne, wata shuka da ake dasawa a jere ana yi mata aski, da aka zagaye gidan da shi, irin mai ganye kore da ratsin ɗorawa a baki-baki. Rana ɗaya aka dasa shi, taki ɗaya, ruwa ɗaya, amma yau in ka gan shi sai ka rantse iri biyu ne.

Na gaban gida yamma yake kallo. Daga azahar har la'asar sakaliya rana a kansa take, ga intalok, wato bulon daɓe, a ƙasa yana mayar da zafi, ga farar katanga a bayansa. Launinsa ya fito sosai, sai dai bakin ganyen yana ƙonewa ya koma ruwan ƙasa, in ka murza sai ya marmashe a hannu. Watan Fabrairu da Maris abin ya fi muni. Ƙasar nan rairayi ce, in na ba da ruwa da safe, kafin azahar ta shanye.

Na jikin katangar kudu shi ya fi tayar mini da hankali. Maƙwabcinmu ya tayar da bene hawa uku a wajen, tun daga nan shukar ta canza. Ratsin ɗorawan ya ɓace, ganyen ya koma kore zalla. Rassan sun miƙe sirara suna neman haske, ganye jefi-jefi, ƙasan kuwa ya zube har kyanwa tana ratsawa ta wuce. Na lura daga Oktoba zuwa Maris rana tana karkata kudu, inuwar benen sai ta kwanta a kan shingen wuni guda. Daga Afrilu zuwa Agusta ta dawo ta arewa ta leƙo shi, amma lokacin ne damina take da ƙarfi a Legas, hadari ya rufe sama, Yuni da Yuli sai a jera kwanaki ba a ga rana sosai ba. Ga ƙasar wurin ba ta bushewa.

Masu dashe sun gaya mini firibet yana son rana ta awa 6 a yini, ko da yake yana jure ɗan inuwa, kuma mai ratsin nan ya fi koren buƙatar haske. Wani ya ce askin ne matsalar: a riƙa barin gindin shinge ya fi samansa faɗi domin haske ya kai ƙasa. Maganarsa ta shige ni. Amma Hajiya, mai gidan, so take ya tsaya sak kamar bango, kuma a ganinta ruwa ne ba na bayarwa yadda ya kamata. Ni kuwa na tabbata ƙarin ruwa a wannan inuwar saiwar zai ruɓar. Ta ce in bai gyaru ba kafin damina mai zuwa za a tuge a kawo wani mai aikin. Malam, da wannan aikin nake ciyar da iyalina a gida, kuma ko ba don haka ba, ba na son ganin an tuge abin da na rena da hannuna.

To ga abin da nake so ka haska mini. Na inuwar nan, in na datse shi ƙasa sosai a farkon damina zai sake tohowa daga gindi, ko kuwa muddin benen yana nan aikin banza ne? In ciro shi zan yi in mayar gefen gabas inda hantsi yake samunsa, wane wata ya fi dacewa, kuma shukar da ta saba da inuwa a hankali ake fito da ita rana ko kai tsaye? Me zan dasa a gurbinsa da zai jure inuwa da danshi? Na gaban gidan kuma, ragar inuwa zan kafa masa a watannin zafi, ko in rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa ya isa?

Sai abu ɗaya. Na ji an ce ganyensa da 'ya'yansa suna da guba, mu kuma kusa da shingen ake ɗaure ragon layya duk shekara, jikokin Hajiya ma nan suke wasa. Ina roƙo ka yi bayanin wannan a fili, domin zan kunna mata shirin ta ji daga bakinka.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naka mai sauraro,
daga Ajah, Legas