Kilomita shida tsakanin gada da gada

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da dukan ma'aikatan wannan jarida da muke karantawa a waya daga nan Chadi. Ni tsohon direba ne. Shekara ashirin da bakwai na yi ina jan kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare a Kamaru zuwa Njamena, har ranar da gwiwa ta ce ta gaji. Yanzu ina da 'yar rumfar faci da sayar da baƙin mai a Waliya, a bakin wata gajeriyar hanya wadda a kanta nake so ka ba ni fili.

Ga wanda bai san wurin ba, bari in ɗauke shi a gaban mota. In ka baro Kuseri ta Kamaru, za ka hau gadar Ngeli ka ƙetare kogin Logon. Kana sauka ka shigo Chadi: ga 'yan duwan, wato kwastan, ga jandarma, ga manyan motoci jere kamar raƙuman ayari suna jiran takarda. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Waliya, tafiyar kilomita kamar shida. A Waliya ta rabu biyu. Ɗaya ta yi kudu, ta nufi Gelendeng da Bongor da Mundu. Ɗayar ta hau kogin Shari ta faɗa Shaguwa, cikin gari ke nan. Shi ke nan fa, babu ƙari. In hanya ta yi kyau, kafin ka gama cin goro ɗaya ka wuce ta. Amma ƙasar da ba ta da teku, siminti da sukari da taya da shinkafar da suka taso daga tashar ruwa ta Duwala, da yawansu ta wannan ɗan maƙogwaro suka daɗe suna shigowa.

Ina yaron mota babu gada a Ngeli. Jirgin fito ne, wanda muke ce wa bak, yake ɗaukar mota ya kai ta wancan ƙetare, sai kwalekwale na mutane. Maigidana ya taɓa kwana huɗu a bakin ruwa da lodin gishiri, ni ina kwana ƙarƙashin mota sauro yana walima da ni. A yaƙin 1980, da mutanen Njamena suka gudu Kuseri, ta ruwa suka bi. A 1985 aka buɗe gadar, siririya, sai motocin wannan ɓangare sun tsaya na wancan su wuce. Duk da haka mun yi murna kamar ranar salla. A watan Fabrairun 2008, da 'yan tawaye suka shigo gari, wannan gada da wannan hanya su suka fitar da dubban mutane a ƙafa, kowa da ƙunshi a ka. Iyalina suna cikinsu. Saboda haka kada wani ya karanta wasiƙar nan ya ce ga tsoho mai ƙin kwalta. Kwalta ta ci da ni, ta aurar mini da 'ya'ya, ta kuma tsirar da su.

Daga baya aka ƙara gada ta biyu kusa da ta farko, aka faɗaɗa hanyar. A nan ne na fara ganin ɗaya fuskar abin.

Wata safiya wasu mutane uku suka zo da gwangwanin jan fenti. Ba su yi sallama ba. Ɗaya ya ja igiyar awo, ɗaya ya rubuta a littafi, na ukun ya zana gicciye a bangon shagon surukina, inda yake sayar da hatsi tun kafin a haifi mai fentin. Surukina ya fito da butar alwala a hannu ya ce, "Samari, lafiya?" Mai littafin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce a je ofis a tambaya. An je ofis. An koma. An sake komawa. Abin da aka ba shi a ƙarshe bai kai ya sayi ƙofar ƙarfen da ke shagon ba, domin ba shi da takardar fili, kuma wa ke da ita a lokacin da ya zauna wurin, sa'ad da Waliya gonakin dawa ce da bukkokin masunta? Ya koma can ciki, inda ba mai wucewa. Abokan cinikinsa suka watse. Ya rasu yana ce wa wurin "shagona", alhali tayar tirela ke bi ta kai.

Abin da ya sa na ɗauki waya na sa jikana ya rubuta mini wannan shi ne hirar da ake yi a majalisarmu kwanakin nan. Duk ranar da cunkoso ya kama bakin gadar Shari da safe, sai matasa su ce maganin abin guda ne: a yi mana hanya irin ta Turai, mai katanga hagu da dama, babu tsayawa, babu mai ƙetarawa, mota ta taso daga Ngeli ta zarce cikin gari kamar kibiya. Da can ni ma haka nake cewa. Abin da ya sauya mini tunani wani bidiyo ne da ɗan ƙanena ya turo mini ta WhatsApp daga Amurka, inda yake jan babbar mota a birnin Ditroit.

Garin ma kama yake da namu ta wata fuska. Faransawa ne suka kafa shi a 1701, sunansa ma da Faransanci yana nufin mashigin ruwa, kamar yadda su ne suka kafa namu a 1900 suka sa masa Fort Lami, kafin ya zama Njamena a 1973. Kogi ne ya raba shi da garin Winsa na Kanada, manyan motoci suna hawa gada suna ƙetarawa da kaya, tamkar mu da Kuseri. To a tsakiyar wannan gari akwai wata hanya mai lamba I-375. Reshe ne da ya ɓalle daga babbar hanya ta I-75 ya gangara zuwa titin Jafasan, kusa da bakin kogi. Tsawonta bai kai kilomita biyu ba, ko sulusin tamu bai yi ba. An buɗe ta a 1964. A bidiyon sai ka ga rami ne mai faɗi aka haƙa, aka shimfiɗa kwalta a ƙasa, motoci suna gudu can ciki, mutane kuwa sai su nemi gada a sama in suna son zuwa wancan gefe.

Yaron ya ce mini, "Baba, ka ga nan? Kasuwa ce da." Inda ramin yake, titin Hastings ne, zuciyar unguwannin baƙar fata biyu, Black Bottom da Paradise Valley. Ta farkon ba don launin mazaunanta aka sa mata sunan ba, don baƙar ƙasarta ce mai kyan noma, irin wadda mu ma muke da ita a bakin Logon. A wancan zamani ba a yarda baƙar fata ya zauna ko'ina ya ga dama ba, sai suka taru nan suka gina nasu: shaguna, wuraren ibada, ɗakunan likitoci, gidajen kiɗa. Aka rushe unguwannin da sunan gyaran gari, aka ja hanya ta kan titin, domin mai aiki a tsakiyar birni ya koma gidansa na bayan gari da wuri. Yawancin mazauna 'yan haya ne, mai haya kuwa ko a can ko a nan in an rushe gida kayansa kawai yake kwashewa.

Shekara kusan sittin bayan haka, su da kansu suka ce hanyar ta tsufa, gadojinta sun gaji, kuma ta yanke tsakiyar gari daga maƙwabtansa. A 2022 gwamnatin tarayyarsu ta ware dala miliyan 104 da ɗoriya domin a cike ramin, a maida shi titi na sarari wanda mutum zai iya ƙetarawa da ƙafa. Ko wannan ɗin bai tafi sumul ba. Mazauna suka ce titin da aka zana ya yi faɗi da yawa, kuma ba a fayyace wa za a ba filin da zai fito ba, jikokin waɗanda aka kora ko masu kuɗi. Kuɗin aiki ya hau, a 2025 aka dakata don a sake dubawa. Ka ji fa, Malam Edita. Ƙasar da ke buga dala ta haƙa rami da kuɗi, yanzu tana neman kuɗin cike shi, kuma ko an cike, titin Hastings ba zai tsiro ba kamar ciyawar damina. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ba ka tsaya tambayar wane irin ashana ba ne.

Injiniya yana auna hanya ta tsawonta. Mu da ke zaune bakinta ta faɗinta muke auna ta, don kullum ƙetare ta muke yi. Masallaci yana can, gida yana nan. Famfo yana nan, makaranta tana can. Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin in buɗe rumfa, aikina na farko shi ne in tara yaran layinmu, in kama hannun ƙananan, in ɗaga sandata ga direbobi. Na manyan motoci suna tsayawa, don da yawansu yarana ne a sana'a, har su danna mini oda. 'Yan kilando, masu babur ɗin haya, su ne ba sa ganin sanda. Bara ɗaya ya kwashe yaron shagona a gaban idona, robar faci tana hannunsa. Wata uku ya yi a kwance, har yau in ya tsuguna cire taya sai ya miƙe ƙafar gefe guda. Akwai wata tsohuwa mai bandar kifi da ke zuwa daga bakin Logon, tire a ka. Na taɓa duba agogo: minti goma sha ɗaya ta yi a tsaye tana sa ƙafa tana janyewa. Yanzu a ce an kafa katanga a wannan wuri, ina za ta bi?

Sai kuma ruwa. Gundumarmu, gunduma ta tara a Njamena, tsakanin koguna biyu take kwance, Shari da Logon. A ambaliyar 2022 kwalekwale ne ya shiga layinmu. Ni da iyalina muka kwashe tabarmi muka hau bakin kwalta, domin nan ne tudu. Ranar na gode wa tudun hanya. Amma a damina ta yau da kullum, ruwan da ya sauka a kanta gidajenmu yake gangarowa, lambatun da ke gabana kuwa leda da yashi sun cika shi, mu ne muke yashe shi da shebur in hadari ya haɗu.

Ga kuma abin da masu son katanga ba su lissafa ba. Motocin da ake so a yi wa wannan gata sun fara sauya hanya. A arewacin Kamaru, tsakanin Mora da Dabanga zuwa Kuseri, hanya ta daɗe tana karya wa direbobi sifirin, ga tsoron da ya shigo tun da aka sace ma'aikatan hanya 'yan Sin guda 10 a Waza a 2014. Tuni wasu suka koma bin Tuboro su ɓullo Mundu. A 2025 kuma aka buɗe sabuwar gada a kan Logon tsakanin Yaguwa ta Kamaru da Bongor ta Chadi, mai tsawon mita 620. Wanda ya bi ta can, ta kudu zai shigo Waliya, ba ruwansa da Ngeli. Ina gani a aljihuna: tayoyin tirela da nake faci sun ragu, na babur da na a-kori-kura sun ƙaru. Maganar jan layin dogo daga Ngaundare zuwa nan kuwa, tun ina riƙe da sitiyari ake yin ta, in Allah Ya nufa ta tabbata ai lodin zai ƙara raguwa. Wato nan gaba masu bin wannan kilomita shida za su fi zama mutanen gari biyu ne: mai kai tumatir, mai sarin atamfa a Kuseri, ɗaliban da ke zuwa jami'a a Tukura, masu zuwa biki da ta'aziyya, domin aure ya daɗe da haɗa ƙetaren nan biyu.

To su ya kamata a yi wa aiki. Abin da nake roƙo bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba. A yi wurin ƙetarawa a gaban kowace makaranta da kasuwa, da tudun rage gudu na gaske, ba wanda ruwan farko zai wanke ba. A yi lambatu mai murfi wanda ya san inda zai kai ruwa. A ware wa manyan motoci filin jira daga gefe, su daina kwana a kan hanya. A dasa darbejiya, don a watan Afrilu kwaltar nan tana iya gasa ƙafa ta cikin silifa. Masu rumfa kuma a ba mu takarda, mu biya abin da aka yanka, mu san matsayinmu, kada wata safiya mu sake ganin mai jan fenti. In kuwa dole sai an taɓa gidan wani, a zauna da shi tun zane yana kan takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Duk wanda ke da hannu a zanen hanyar nan, in wasiƙar ta kai gare shi, ina gayyatarsa rumfata ranar da ake makaranta, ƙarfe shida da rabi. Shayi da ƙosai a wuyana. Sharaɗi ɗaya ne: ya ajiye motarsa a wancan gefe, ya ƙetaro da ƙafa. Zai gan ni, ni ne mai farar hula da sanda.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon direba mai faci,
Waliya, Njamena, Chadi.