Wasiƙa ga ɗana mai koyon kafinta

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta faɗa min kana maganar barin shagon maigidanka, alhali wata takwas ya rage a yaye ka, wai abokanka sun ce wahalar ta isa. Daren jiya ban runtsa ba. Labarin wani yaro ɗan Landan ne ya yi ta dawo min a rai.

Sunansa Jack Sheppard, an haife shi a 1702, uban ya rasu tun yana ƙarami. Wani mai sayar da yadi, William Kneebone, ya ɗauke shi yaron shago, ya koya masa karatu da rubutu, sannan ya kai shi koyon kafinta na shekara bakwai. Ya ci fiye da biyar, hannunsa ya faɗa, aiki ya zo gangara. Sai ya fara zaman wata mashaya da ɓarayi ke taruwa. Satarsa ta farko a 1723, cokali biyu ne na azurfa. Cokali biyu kacal, ɗana. Shekarar ba ta ƙare ba ya bar maigidansa.

Sau huɗu yana tserewa daga kurkuku a 1724. A gidan yarin Newgate ya kwance ankwa, ya bi ta bututun hayaƙi, ya ɓalle ƙofofi shida cikin duhu, ya sauka daga rufi da bargonsa. Sanin katako da makulli da ya koya a shago ne ya yi masa wannan aiki, abin da zai ci da kansa da uwarsa har tsufa. Mako biyu bayan haka aka kama shi a buge. Aka rataye shi a Tyburn, wurin rataye masu laifi a Landan, ranar 16 ga Nuwamba, yana ɗan shekara 22, ana ta sayar da ɗan littafin ikirarinsa a cikin taron.

Abin da ya fi ci min rai, har gidan Kneebone ya fasa, mutumin da ya koya masa riƙe alƙalami. A ikirarin kuma ya ɗora lalacewarsa a kan wata mace mai suna Bess, ga mutuwa a gabansa amma bakinsa na nuna wani.

Ban ce kai ɓarawo ba ne, Allah Ya kiyaye. Tsoron zaman banza nake ji maka, da masu zuga ka. In maigidanka yana cutar ka, faɗa min, ni zan je in same shi. Ka zo gida ranar Juma'a mu zauna, kuma kafin nan kada ka ajiye zarto.

Mahaifinka