Zuwa ga Auta, kan maganar koyar da yara a gida

Assalamu alaikum Auta, ya gida ya ɗawainiya, ya maigidana da kishiyata, da fatan Babansu yana lafiya. Na saurari saƙon muryar da kika turo har sau 3, sai na ga gara in zauna in rubuta miki, don a waya ba ma taɓa ƙarasa magana sai yara sun katse mu.

Kin ce kina so ki cire su daga makaranta ki dinga koya musu da kanki, tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin makaranta da na adaidaita sun fi ƙarfinku, ga shi kuma yaro yana aji 2 amma ko sunansa sai an riƙe masa hannu yake rubutawa. Toh ni ban hana ki ba, kuma kar wani ya ce miki baƙon abu kika ɗauko, Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo a gidan mahaifinta ta yi karatu, daga baya ta horar da malamai mata da ake kira jajis suna bin ƙauyuka suna koyar da mata. Amma shekara 35 na yi da alli a hannuna a firamare, dan haka ki saurare ni.

Kar ki sayi komai tukuna. Na san halinki, yanzu haka kin fara lissafin tebur da kujeru da hotunan mannawa a bango irin na intanet. Tabarma ta isa, da ƙaramin allo, da alli, da littafin rubutu da fensir. Abin da zai ci ki shine lokaci, ki tsayar da shi ɗaya tak, bayan karin kumallo kamar ƙarfe 8 zuwa 10, kullum kullum, ko an yi baƙi ko ana biki a maƙwabta ko wanki ya taru, ki kashe waya ki ajiye a ɗaki. Awa 2 ɗin nan sun ishi ɗan shekara 7, ita ƙaramar ma minti 20 ya ishe ta sai ta tashi ta yi wasanta, kar ki tsare ta. A aji malami da yara 80 yake fama, rabin lokacin a kan a yi shiru yake tafiya, ke biyu gare ki.

Ki fara masa karatu da Hausa, nan ne nake so ki fi riƙewa. Na ga yara da yawa wallahi suna rera A for apul kamar waƙa har aji 4 amma in ka nuna musu kalma ɗaya sai su yi ta kallonka, saboda hadda aka ba su, ba a koya musu haɗa baƙi da wasali ba. Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba, bi, bo, bu, be, yau ya haɗa ba da ba ya ga Baba ya fito, gobe ya rubuta tuwo da kansa, ranar nan za ki ga fuskarsa. In ya gane sirrin haɗawar, Turancin ba zai ba shi wuya kamar da ba, sai ki shigo da shi a hankali. Da dare ki yi musu tatsuniya, washegari ya maimaita miki, ki rubuta jimla 2 daga bakinsa ya karanta abinsa.

Lissafi kuma ga wake, ga murfin kwalba, ga mudu a kicin. Ki aike shi shago da naira 500 ya faɗa miki canjin kafin ya fita.

Sai maganar hukuma, kar ku yi wasa da ita. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin farko ga kowane yaro, ta ɗora wa iyaye saka yaro a firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 kenan. Dan haka Babansu ya je ya samu hedimasta su zauna, a ga yadda za a bar sunansu a rajista suna zuwa jarabawar ƙarshen zango, ki kuma roƙi malamar ajin ta nuna miki manhajar da suke bi. WAEC da NECO suna da jarabawar masu zaman kansu a ƙarshen sakandare, amma kafin a kai can akwai ta aji 6 da ta aji 3 na ƙaramar sakandare, gara a ce akwai makarantar da ta san da su. Ki tanadi littafi guda kina rubuta kwanan wata da abin da aka yi.

Islamiyya kam kar a taɓa ta, su ci gaba da zuwa da yamma. Bayan karatun addini, a can za su koyi jira a layi da faɗa da shiryawa da sauran yara, wannan ke ba za ki iya koya musu a tsakar gida ba.

Abin da ya fi damuna ke ce. Ga girki ga goyo yana tafe, kuma kina da saurin fushi tun kina ƙarama, ɗan da ka haifa ya fi na wani saurin ƙular da kai in ka maimaita abu sau 5 bai gane ba. Ranar da kika ji ranki ya ɓaci ki rufe littafin, kar ki ɗaga masa hannu a kan karatu, in ya fara tsoron tabarmar nan gyaran sai Allah. Babansu ya ɗauki ranar Asabar, ba alfarma zai yi miki ba 'ya'yansa ne. Ku gwada zango ɗaya, wata 3, in ya fara karanta gajerun jimloli ku ci gaba, in abin ya gagara ku mayar da su makarantar gwamnati ta kusa ba tare da jin kunyar kowa ba.

Na ciro tsohon allona da kwalin alli da katunan baƙaƙe da na yanka da hannuna, yayanki zai taho miki da su ranar Alhamis. Ki ce wa maigidana ina jiran wasiƙarsa ta farko, ko layi ɗaya ne. Allah ya yi muku albarka, ya sauke ki lafiya.

Ummanki